Kada A Zuba Jar Ƙasa A Filin Batir A Ce An Gama



Maganar da ta kawo mu shafin nan ita ce ta filin batir. Duk wanda ya kwana biyu a unguwar nan ya san shi, kangon da 'yan gwangwan suka yi shekaru suna fasa tsofaffin batura a cikinsa, kafin haya ta ƙare su kwashe kayansu su koma bayan gari. Yanzu mai filin ya ce zai sayar wa jama'a da rangwame, kuma shawarar da ke yawo a majalisu ita ce a kawo tifa biyar ko shida ta jar ƙasa, a baje, a daddaɓe, a ɗora azuzuwan Islamiyya biyu a gefe, sauran a bar wa yara su buga ƙwallo. Har an fara karɓar gudummawa bayan sallar Juma'a.

Niyyar mai kyau ce, babu mai musu. Yaranmu a zaure suke karatu, wasu a gindin dogon yaro, in hadari ya taso a tashe su. Mu ma muna son azuzuwan nan. Amma ba mu yarda a sa ko bulo ɗaya a wurin ba sai an gwada ƙasar, an kankare ta, an fitar da ita daga unguwa. Za mu faɗi dalilanmu a fili, wanda yake da amsa ya kawo a fitowa ta gaba.

Mu fara da abin da ke cikin batir. Batirin mota, na tirela, na Keke Napep, da manyan nan na sola da zafin Yola da rashin wuta suka sa muka cika gidaje da su, fiye da rabin nauyin kowanne dalma ce. Ita ɗan gwangwan yake nema, shi ya sa yake saye da kilo. Mun ga yadda ake aikin da idanunmu. A sare bakin batir da gatari, a tuntsurar da ruwan a ƙasa, a zaro farantan ciki a karkaɗe su, garin nan mai launin toka ya zube. Wani lokaci a narka a tsohuwar tukunya, hayaƙi ya bi iska ya sauka a kan katanga da tsakar gidan maƙwabta. Ƙarfen da ya yi nauyi an sayar, an ci kuɗi. Garin da ƙurar suna nan a ƙasa.

To, dalma ba ta ruɓewa. Bola takan zama taki, baƙin mai ma in an daɗe yakan ragu, ita kuwa dalma yadda aka zubar da ita haka jikokinmu za su tarar da ita. Rana ba ta ƙone ta, damina ba ta cinye ta, sai dai ta ɗauke ta daga nan ta kai can.

Wanda ta fi cutarwa shi ne ƙaramin yaro. Shi ne mai zama a ƙasa, mai sa hannu a baki, mai tsintar ƙuli-ƙulinsa in ya faɗi ya hure ya cinye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake zuƙa, kuma ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba ya illa. In ta yi yawa sai amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai mutuwa. In kaɗan ce ba ka ganin komai. Yaro yana ci yana wasa, amma tana cin ƙwaƙwalwarsa a hankali, fahimta ta ragu, riƙe karatu ya yi wuya, kuma abin da ta lalata a nan ba ya dawowa. Mace mai ciki tana miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. Babba kuma takan taɓa masa ƙoda ta hau masa da jini.

Ku duba wannan da kyau, jama'a. Makarantar hadda muke son ginawa, a kan ƙasar da gubarta ke kashe hadda. Gobe yaro ya kasa riƙe allonsa, malam ya ce daƙiƙi ne, uba ya ɗauko bulala, alhali mu ne muka zaunar da shi a kan abin da ya toshe masa kai. Wannan shi ne a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Akwai abin da ke ruɗar mutanenmu, har da wasu almajirai masu karatu. Mun koya a Islamiyya cewa ana gane ruwa ya ɓaci in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sauya, kuma ƙasar da najasa ta taɓa ana kwarara mata ruwa ta tsarkaka. Hukuncin nan daidai ne a babinsa, babin tsarki da salla. Sai dai dalma ba ta wari, ba ta sauya kamannin ƙasa yadda ido zai gane. Wuri yana iya zama mai tsarki ka shimfiɗa tabarma ka yi salla, kuma ya zama mai guba ga jaririn da ke rarrafe a gefenka. Wanda ya ce ya je filin ya duba bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, don ido ba ya ganinta. Na'ura ce ke gani.

Ba tatsuniya muke yi ba, abin ya faru a gidajen Hausawa irinmu. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Iyaye sun yi zaton zazzaɓi ne, wasu suka ce iska ce. Ashe duwatsun da ake niƙawa a cikin gida don neman zinari cike suke da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da aka gwada ƙasa, a wasu wurare an samu sama da miligiram 100,000 na dalma a kowane kilo, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a wancan lokacin ga wurin wasan yara bai wuce 400 ba. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Wani zai ce ai wannan na zinari ne, namu na batir ne. To ga na batir. A Tiyaroy, wata unguwa a bakin teku a gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, an yi shekaru ana fasa batura kamar yadda aka yi a nan. Da farashin dalma ya tashi, sai mutane suka koma haƙar ƙasar wurin, suna ɗiba a buhu suna kaiwa gida, mata na tankaɗewa don tsintar gutsattsarin dalma su sayar. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 yara 18 suka mutu. Gwamnati ta kwashe kusan tan 300 na ƙasa ta zuba yashi mai tsabta a kai. Bayan wata uku jami'an Hukumar Lafiya ta Duniya suka zo suka gwada mutum 81, ba a samu ko ɗaya da gubar ba ta shiga jininsa ba, kuma ga dalmar nan a ɗakuna da tsakar gidaje. Sai da aka sake aiki daga baya. Ƙasar tsohon wurin ce ta kashe yaran nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu zo kan jar ƙasar da ake son zubawa. Za mu yi adalci, rufe gurɓataccen wuri hanya ce da masana suke bi a wasu lokuta. Amma suna yi ne bayan sun gwada sun san iyakar gubar, su shimfiɗa shinge a ƙasa, su zuba ciko mai kauri ko su malala kankare, sannan a rubuta cewa ba za a ƙara haƙa wurin ba har abada. Mu fa? Washegarin da tifa ta juye, masu haƙar tushen gini za su shigo da diga. Bayansu mai haƙar masai, bayansa mai haƙar rijiya, don makaranta ba ta zama ba ruwan alwala. Duk abin da aka binne a ranar Litinin za a tono shi a ranar Talata a tara shi tsibi a bakin hanya, yara su hau su gangaro, wani ya zo da baro ya ɗiba ya kai cikon ɗakinsa.

Ko ba a haƙa ba, ruwa zai haƙa. Mu mutanen bakin Binuwai ne, mun san ambaliyar 2012, mun san ta 2022, kuma ba mu manta da ruwan ƙarshen Yulin 2025 da ya shiga Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate ya ci rayuka ba. Ruwan da ke kayar da katangar bulo, jar ƙasa mai kaurin taƙi ɗaya ce za ta tsaya masa? Zai wanke ta ya kwashi na ƙarƙashinta ya bi kwata, ya shiga gidajen gangare, ya gangara wajen kogi da fadamun da ake noma mana alayyafo da shinkafa. Rani ya zo, iskar hunturu ta ɗauki abin da ya bushe ta raba wa kowa a kan tuwonsa.

Mun ji maganganun da ake yi, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko suna cewa shekara nawa ana aikin nan, wa ya mutu? Mu kuma muna tambaya, yaro nawa aka taɓa gwada wa jini a layin nan don neman dalma? In yaro ya yi jijjiga cewa ake yi zazzaɓi ne ya hau kai, in ya rasu a ce kwana ya ƙare, in ya rayu karatu ya gagare shi a ce halittarsa ce. A Zamfara ma haka aka yi ta faɗa har maƙabartu suka cika. Ba mu ce an yi mutuwa a nan saboda filin ba. Cewa muka yi wanda bai auna ba ba shi da bakin cewa lafiya lau.

Na biyu suna cewa komai ƙaddara ce, ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Haka ne, mun yi imani. Amma mai faɗin haka kwaɗo biyu yake sa wa shagonsa a kasuwar Jimeta kowace yamma, kuma yana biyan mai gadi a ƙarshen wata. Bai taɓa barin shagon a buɗe ya ce abin da aka rubuta shi zai samu ba. Don me tawakkali ba ya tashi sai an zo kan lafiyar 'ya'yan talakawa? Kare rai da kare hankali suna cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare, kuma dalma duka biyun take taɓawa.

Na uku ba sa faɗa da ƙarfi, amma ita ce ta fi nauyi a zukata. Wai mu baƙi ne a garin nan, in muka kira hukuma za a ce Hausawa sun ɓata gari, ko a fake da wannan a kawo katafila a rushe mana gidaje. Mun fahimci tsoron, ba daga sama ya faɗo ba. Amma wane baƙo ne kakansa ya zo fatauci tun jiragen ruwa na sauke kaya a bakin Binuwai, aka haifi ubansa a nan, aka binne uwarsa a nan? Muna biyan haraji a Yola ta Arewa, muna jefa ƙuri'a a nan, muna zaune ƙarƙashin Mai Martaba Lamiɗo kamar kowa. Kuma batiran da aka fasa a filin nan ba daga gidajen Hausawa kaɗai suka fito ba, daga motocin gari ne baki ɗaya da ofisoshi da gidajen manya. Ƙurar ma ba ta tambayar yare, maƙwabtanmu Fulani da Bata da Ibo duk ita suke shaƙa. Abin da zai ba mu kunya shi ne mu sani mu rufe, bayan shekara biyar wani ya tono ya ce ga abin da suka binne suka ɗora makaranta a kai. In mu muka fara kai maganar da kanmu, a rubuce, ta hannun Jauro da dattawa, mu ne masu gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na huɗu maganar kuɗi ce, wai in aka ce filin da guba darajarsa za ta faɗi, ta gidajen gefe ma haka. Mu 'yan kasuwa ne, mun san hukuncin wanda ya ɓoye aibin kaya ya sayar. In ka sayar da buhun masara ka san ƙasansa ya yi ƙwari ka yi shiru, ka ci haram, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Fili ma haja ce. Rangwamen da aka yi mana ba zai zama alheri ba sai an faɗi abin da ke cikin ƙasar. Araha ba ta ado. Wanda ya shekara goma yana karɓar kuɗin haya daga masu fasa batir, ba daidai ba ne ya miƙa wa masallaci ragowar ya wanke hannunsa ya tafi da lada.

Na biyar suna cewa muna son toshe wa 'yan'uwanmu 'yan gwangwan hanyar abinci. Wallahi ba haka ba ne. Sana'arsu halal ce, kuma da ba su, da garin nan ya cika da tarkace. Su ne ma farkon waɗanda gubar ke ci, su da iyalansu, don da kayan aikin suke komawa gida, uwargida ta wanke, yaro ya rungumi babansa. Abin da muke cewa shi ne a sayi batir, a ajiye shi a rufe da ruwansa a kan daɓen siminti ƙarƙashin rumfa, a tura shi ga masu lasisin narkawa ba tare da an fasa ba. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura a ƙarƙashin hukumar NESREA, kuma a ƙarshen 2025 an rufe masana'antun narka batir a Ogijo ta Jihar Ogun bayan an samu dalma a jinin mazauna wurin. In manyan kamfanoni ba su tsira ba, mai gatari da tukunya ya fi kowa buƙatar ya gyara tun ba a zo masa ba. Kuma bayan garin da suka koma yau, unguwar wasu ce gobe. Jimeta ba ta daina faɗaɗa ba.

Sai masu cewa aikin ya fi ƙarfinmu, sai Turawa. A Zamfara an tsabtace ƙauyuka takwas, Dareta da Yargalma da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji, sai Bagega a 2013. Masana daga waje sun kawo na'urar gwaji da tsari, amma yawancin aikin da hannu aka yi shi, mutanen wurin ne da fartanya da shebur da buhu. An kankare saman ƙasa, aka kai ta ramukan da aka tanada nesa da gari aka binne, aka kawo sabuwa aka zuba, aka share ɗakuna. Gidaje 820 aka yi wa haka. Likitoci sun ƙi fara ba yara maganin fitar da dalma a duk ƙauyen da ba a tsabtace ba, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi kan ƙasar da ta cuce shi, aikin banza ka yi. Bagega kuwa ta yi shekaru tana jira, kuɗin bai fito daga Abuja ba sai da matasa suka tayar da murya a ƙarƙashin kiran a ceci Bagega, Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗin a farkon 2013. Ba wanda ya samu da shiru. Namu fili ɗaya ne da layin da ke kewaye da shi. Abin da aka yi wa ƙauyuka takwas ba zai gagari kango ɗaya ba.

Ga abin da muke nema, kuma muna roƙon kwamitin unguwa ya sa shi a zamansa na gaba.

Tun yau a kewaye filin da kwano ko waya, a hana yara shiga, a hana kiwon awaki da kaji a ciki, a hana kowa ɗibar ƙasarsa don ciko ko buga bulo. Wannan ba ya buƙatar izinin gwamna. Kada kuma wasu matasa masu zuciya su ɗauki shebur su ce za su kwashe da kansu ranar Asabar. Haƙa a bushe ba takunkumi ƙura zai tayar ya raba wa unguwa, irin abin da ya faru a Tiyaroy ke nan.

A rubuta takarda da sa hannun Jauro da limamai da shugabannin mata, a kai wa Ma'aikatar Muhalli ta jiha da hukumar NESREA da ƙaramar hukuma, a karɓo shaidar an karɓa. A nemi malaman kimiyya na Jami'ar Modibbo Adama su zo su ɗebi ƙasa a filin, da gidajen da ke jikinsa, da ruwan rijiyoyin layin. Sakamakon a karanta shi a bainar jama'a, kada ya kwana a aljihun mutum uku.

A nemi likitoci su gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki na gidajen kusa, da 'ya'yan waɗanda suka yi aikin. Kafin nan, iyaye mata, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci, a daina shanya gari da kuka a ƙasa a layin nan.

In gwaji ya nuna da guba, a kankare ƙasar ƙarƙashin kulawar masana, a jiƙe, a zuba a buhu, a kai inda hukuma ta ware, ba bakin kogi ba, ba kududdufin wata unguwa ba. A sake gwadawa. Sai an ga ta sauka sannan tifar jar ƙasa ta shigo.

Kuɗin aikin kuma a raba shi da adalci. Mai filin ya cire daga farashinsa, ƙungiyar masu sayen ƙarafa ta kawo nata, hukuma ta yi abin da aka kafa ta dominsa, mu ma mu sa hannu a aljihu. Gudummawar da aka riga aka tara a riƙe ta amana, a sanar da waɗanda suka bayar halin da ake ciki, kada a taɓa ta sai da yardarsu. In kuma aikin ya ja lokaci, a nemi wani wuri a yi rumfar karatu ta wucin gadi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mun san maganar nan ba za ta yi wa wasu daɗi ba, cikinsu har da waɗanda muke salla sahu ɗaya da waɗanda muke ciniki da su. Ba mu ambaci sunan kowa ba, ba kuma za mu ambata ba. Amma yaran da za su zauna a azuzuwan nan ba sa zuwa zaman kwamiti, ba su san me ake kira dalma ba, duk inda muka shimfiɗa musu tabarma nan za su zauna. Amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya sa mu ga makarantar nan ta tsaya a kan ƙasa mai lafiya. Wassalamu alaikum.